Dajin da ke Cikin Gona: Darasin Menomini da Ilimin Itatuwa a Ƙasar Bakori

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori ta nufi Malumfashi da rani, bayan an kawar da amfanin gona, yakan ga abin da masara da dawa suke ɓoyewa da damina: ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka a tsaitsaye cikin gonaki, nan ɗaya can biyu, har iyakar ganin ido. Idan ya ƙara dubawa zai lura cewa mafi yawansu tsofaffi ne. Da wuya ido ya faɗa kan matashiyar ɗorawa, ko kaɗanyar da ba ta fara 'ya'ya ba. Garin da ya cika da dattawa, ba a jin kukan jariri a cikinsa, ba ya bukatar a faɗa masa makomarsa.

Waɗannan itatuwa ba ragowar daji ba ne da gatari ya manta da su. Zaɓarsu aka yi. Wani manomi ne, shekaru sittin ko ɗari da suka wuce, ya zo sassabe ya tarar da toho iri-iri, ya sare wasu ya bar wasu, bisa sanin da ya gada game da abin da kowane itace yake yi wa ƙasa da shuka da tukunyar miya. Wannan sani babu shi a manhajar firamare, babu shi a ta sakandare. A jami'a kuwa an raba shi gida biyu: sashen nazarin daji ya ɗauki itacen ya bar sunansa, sashen Hausa ya ɗauki sunan ya bar itacen. Matsayin wannan maƙala shi ne, muddin ba a shigar da wannan sani aji ba a matsayin ilimi mai ƙa'ida, wanda ake aunawa ana gwadawa, to dashen itatuwan da ake yi kowace damina ba zai maye gurbin abin da ake rasawa ba. Kuma kaso mai tsoka na wannan aiki yana wuyan masana Hausa.

Akwai al'ummar da ta haɗa ilimin kakanninta da makaranta har ta zama abin misali, ko da yake tana da nisa. Menomini ƙabila ce daga cikin 'yan asalin Amurka, mazauna jihar Wiskonsin. Bayan jerin yarjejeniyoyin da suka raba su da miliyoyin eka na ƙasar da suka gada, yarjejeniyar 1854 ta keɓe musu yankin da a yau ya kai kimanin eka 235,000, wanda kusan dukkansa daji ne. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin katako suka yi wa dazuzzukan Wiskonsin aski ƙwal, aka mayar da filayen gonaki da makiyayar shanun madara. Menomini su ma sana'ar katako suka shiga, domin ba su ɗauki daji abin kallo ba. An kafa masana'antar yanka katako a garinsu na Neopit a 1908, kuma har yau tana aiki. Bambancin yana cikin ƙa'idar sara. Ana jingina wa shugabansu Oshkosh, wanda ya rasu a 1858, wasiyyar cewa a fara sara daga gabas a nufi yamma, ana ɗaukar itacen da ya tsufa da mai ciwo da wanda ya faɗi kawai, in an kai iyaka a juyo a sake farawa. Ƙididdigar kamfanin katako na ƙabilar ta nuna cewa abin da aka fitar daga dajin tun 1854 ya zarce abin da yake tsaye a cikinsa a wancan lokaci nesa ba kusa ba, amma abin da yake tsaye a yau ya fi na farkon yawa. A hotunan tauraron ɗan'adam ana ganin iyakar ƙasarsu ƙarara, kore shar a tsakiyar gonakin maƙwabta.

Abu ne mai sauƙi a karanta wannan labari a ce ai mutanen gargajiya ne masu ƙaunar halitta, a wuce. Tarihinsu bai yarda da wannan saukin fassara ba. Dajin ya tsira ne domin sun ƙi yarda a yayyanka ƙasarsu a raba wa ɗaiɗaikun mutane, kamar yadda dokar 1887 ta yi wa ƙabilu da dama, waɗanda daga baya suka sayar da rabonsu suka koma hannu rabbana. Da jami'an dajin gwamnatin tarayya suka karɓi ragama suka yi wa wasu sassa sara irin na share fage, ƙabilar ta kai su kotu, aka biya ta diyyar dala miliyan 8.5 a 1951. Wannan nasara ce ta jawo musu wata fitinar: Majalisar Dokokin Amurka ta ce tunda suna da kuɗi ba su bukatar kariya, ta zartar da dokar soke matsayinsu na ƙabila a 1954, dokar ta fara aiki a 1961. Talauci ya biyo baya, har aka fara sayar wa baƙi filayen bakin tafki domin biyan haraji. Sai da suka yi gwagwarmaya, wadda wata mace mai suna Ada Deer tana cikin jagororinta, kafin a mayar musu da matsayinsu a 1973. A 1993 suka buɗe kwalejinsu a garin Keshena, suka kafa cibiyar nazarin ci gaba mai ɗorewa a cikinta. A tsarin da cibiyar take koyarwa, ƙasa da ikon mallakarta ginshiƙi ne, kafaɗa da kafaɗa da muhalli da tattalin arziki da fasaha da hukumomi da ɗabi'un mutane. Ma'aikatan dajinsu kuma suna da filayen awo na dindindin, waɗanda ake komawa lokaci zuwa lokaci a auna kaurin itatuwa da lafiyarsu, domin a tabbatar sara bai wuce girma ba. Wasiyyar Oshkosh tana nan, igiyar awo ma tana nan, kuma babu wadda take jin kunyar ɗaya.

Wani abin da ya kamata ya ɗaga hankalin manazarcin harshe shi ne, Menomini sun riƙe dajinsu amma harshensu ya kusa kuɓuce musu. Waɗanda suka tsotse shi a nono ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma yanzu fafutukar koya wa yara shi ake yi tun daga tushe. Bahaushe yana kishiyar wannan hali. Harshensa yana da miliyoyin baki, yana rediyo da talabijin da intanet, amma abubuwan da ɗaruruwan kalmominsa suke nuni gare su suna ɓacewa daga doron ƙasa. Yaron da aka haifa a Funtuwa a yau zai iya kawo karin maganar da ta ambaci kirya ko marke ko taura a jarrabawa ya ci maki, alhali in an tsayar da shi a gindinsu ba zai shaida su ba. Kalma takan rayu bayan mutuwar abin da take nufi, amma rayuwa ce irin ta maraya.

Ba za a kwafo tsarin Menomini a dasa a Bakori ba, domin dajin Bahaushe ba irin nasu ba ne. Nasu dunƙulallen daji ne mallakar ƙabila. Na manomin kudancin Katsina a warwatse yake cikin gonaki, kowane itace da mai shi. Amma ƙa'idar zaɓe iri ɗaya ce. Ana barin ɗorawa saboda garinta da kalwar da ake daddawa da ita, da makubar da ake daɓe da shafe da ita. Ana barin kaɗanya saboda man kaɗe, duk da cewa takan ɗauki shekaru goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, wato wanda ya bar ta jikokinsa yake yi wa tanadi. Ana sassare rassan kuka don ganyen miya ba tare da an kashe ta ba. An san kirya ta fi kowa gawayin maƙera da turmi, an san bagaruwa ta majema ce, an san giginya azara ce da muruci. An san gawo, wanda ya fi yawa a jigawar arewa, yakan zubar da ganyensa da damina ya yi kore da rani, don haka ba ya tare wa gero rana, ga taki a ƙarƙashinsa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi a lokacin da ciyawa ta ƙare. Kirarin da ake masa na ƙin ruwan Allah taƙaitaccen bayani ne na kimiyya. An san a cire kauci kafin ya shanye itace. Akwai kuma shari'ar abin: mutum yakan ba da aron gona ko ya jinginar da ita amma ya riƙe ɗorawar da ke cikinta, kuma tsintar kaɗe da sarrafa kalwa hurumin mata ne, kuɗin da ake samu a ciki nasu ne. Duk wanda ya sare ɗorawa ya sayar da ita ga masu gawayi, ba gonarsa kawai ya taɓa ba, har da asusun matan gidan.

Kalmar da hukuma ta zaɓa wa dajin da ta keɓe ta cancanci a tsaya a kanta: gandun daji. Gandu a wajen Bahaushe gona ce ta mai gida ko ta sarki, wadda wasu suke yi wa aiki amma rumbun ba nasu ba ne. Da Turawan mulki suka kafa dokokin daji, musamman na 1916 da 1937, suka keɓe dazuzzuka suka kuma lissafa itatuwan da ba a sara sai da takarda ko da a gonar mutum suke, talaka ya fahimci saƙon da kyau: itace ya zama na gwamnati, malamin daji kuma mai cin tara ne. Tunanin da ya haifi waɗannan dokoki yana kallon manomi da makiyayi a matsayin abokan gaban daji. A 1935 wani masanin daji Bature, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara tana tahowa kudu za ta cinye arewacin Nijeriya. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa da ya zagaya iyakar a 1936 zuwa 1937 bai gaskata shi ba, amma tsoron ya zauna, kuma har yau da shi ake buɗe jawabin ranar dashen itatuwa. Binciken da Reginald Cline-Cole da Michael Mortimore da abokan aikinsu suka wallafa a 1990 game da itacen girki a Kano ya nuna akasin zato: a gonakin kewayen birni, inda jama'a ta fi cunkoso, yawan itatuwa bai ragu ba a lokacin, domin kowannensu yana da mai tsaronsa, dazuzzukan nesa, waɗanda ba na kowa ba, su ne suke ƙarewa. Halin da Dajin Rugu ya shiga, da sauran gandayen da suka zama maɓoyar 'yan bindiga, ya ƙara tabbatar da cewa layin da aka ja a taswira ba ya tsare itace. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga matsayin Dajin Kogo na jihar Katsina zuwa gandun ƙasa. Mutanen ƙauyukan da ke bakinsa su suka san ko hakan ya sauya wani abu.

A ƙasar Bakori da maƙwabtanta, wani abu ne kuma ya katse haihuwar itatuwa, kuma abin alheri ne ta wata fuskar. Ƙasar laka da ruwan sama na kimanin milimita 1,000 a shekara sun sa yankin ya zama cibiyar auduga tun shekarun 1920, lokacin da jirgin ƙasa ya iso Funtuwa aka kuma kafa gonar irin auduga a Daudawa. Tare da auduga garmar shanu ta shigo, ita kuwa garma ba ta shiri da kututture. Manomin fartanya yana iya kewaye toho ya wuce. Mai shanu dole ya tone shi daga saiwa, mai tarakta balle. Da Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa ya zo a 1975 zuwa 1980 da tallafin Bankin Duniya, ya game gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, ya kawo takin zamani mai rahusa da ingantaccen irin masara da hanyoyin karkara. Yankin ya zama rumbun masara, kasuwannin Funtuwa da Ɗandume suka cika da manyan motoci. Ba mai hankalin da zai raina wannan. Sai dai a cikin darasin da malaman gona suka koyar, gonar kirki ita ce shimfiɗaɗɗiya tas, layi-layi, ba inuwa. Takin buhu ya sa aka daina jin bukatar ganyen da yake ruɓewa a ƙasa, sauran da ake bari ya huta ya ɓace saboda yawan jama'a, tsofaffin itatuwa suka ci gaba da tsayuwa ba magada. Yanzu da farashin taki ya fi ƙarfin talaka, tsadar gas da kananzir kuma ta mayar da birane kan gawayi, zarto mai inji ya shigo ya fara da tsofaffin.

Maganin da ya fi kusa ba a Wiskonsin yake ba, yana Maraɗi, kuma tazarar Katsina da Maraɗi ba ta kai ta Katsina da Funtuwa ba. A farkon shekarun 1980, bayan shirye-shiryen dashen itatuwa sun sha kaye a jihar Maraɗi, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa ƙananan kurmin da ake sarewa kowace shekara a gonaki ba ciyayi ba ne, tohon tsofaffin kututture ne masu rayayyar saiwa a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi tsirrai kaɗan mafi ƙarfi a kowane kututture aka sassaƙe sauran, saiwar da ta riga ta yi zurfi za ta tura su sama da saurin da dashe ba zai taɓa yi ba, ba ban-ruwa, ba gandun reno. Manoma suka raɗa wa abin suna sassaben zamani. Da farko dariya aka yi wa masu yi, domin a can ma gona mai tsabta ita ce shaidar manomin kirki. Yunwar 1984 ta sa da yawa suka gwada saboda tallafin abinci, da yawa kuma suka sare bayan tallafin ya ƙare, amma waɗanda suka riƙe suka ga itacen girki da abincin dabbobi da sauƙin iskar da take binne shuka. A wajen Magarya da Matamai manoma sun yi ta rainon gawo da kansu ba tare da wani shiri ba. Binciken Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale na 2009 ya ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Shi kansa Rinaudo bai taɓa cewa shi ya ƙirƙiro dabarar ba. Tsohuwar al'ada ce da aka yi watsi da ita.

Abin da ya sa ta kankama a Nijar shi ne abin da ya tsare dajin Menomini: manomi ya sakankance cewa itacen da ya raina nasa ne. Da ƙarfin jami'an daji ya ragu, aka sassauta dokoki, ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka kafa kwamitocin tsaro da suka haɗa da mata da makiyaya, har gwamnati ta fitar da doka a 2020 da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa. A yau ana koyar da sassaben zamani a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, ana fassara shi daga Hausa zuwa harsunan duniya. A makarantun Bakori, inda ba a bukatar tafinta, ba ya cikin darasi. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha ta.

Me ake koya wa ɗalibin nan a maimakonsa? A darasin aikin gona yana haddace koko da roba da kwakwar manja, amfanin da bai taɓa gani ba. A darasin muhalli ana faɗa masa cewa sare itace laifi ne, ya koma gida ya tarar da tuwonsa a kan murhu. Sau ɗaya a shekara a kawo dashen darbejiya da turare a leda, babban baƙo ya dasa na farko a ɗauki hoto, sauran a bar wa awaki. Darbejiya ba abar rainawa ba ce, ta yi wa garuruwan Arewa inuwa tun da aka kawo ta daga Indiya a zamanin Turawa, kuma shingayen itatuwan da aka dasa a arewacin jihar suna da amfaninsu. Amma darbejiya ba ta daddawa. Illar wannan tarbiyya ita ce tana koya wa yaro cewa itace abu ne da gwamnati take kawowa a mota, ilimin kula da shi kuma da Turanci yake, abin da kakarsa ta sani kuwa labarin ƙauye ne. Manufar harshe ta ƙasa ta 2022, wadda ta tanadi koyarwa da harshen uwa a firamare, da ta iya buɗe wa wannan ilimi ƙofa. Soke ta da aka sanar a watan Nuwamban 2025 ya mayar da hannun agogo baya. Abin da ya rage a hannu shi ne darasin Hausa kansa, da litattafansa, da malaman da kwalejojin ilimi suke yayewa.

A nan ne maganar ta dawo gida. Ba a ce masana Hausa ba su taɓa itatuwa ba. Tun daga ƙamusun tsirrai na J. M. Dalziel na 1916 da ƙamusun Bargery na 1934 aka fara tattara sunaye, kuma ɗakunan karatu na sassan Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina cike suke da kundayen digiri a kan magungunan gargajiya da camfi da kirari da matsayin tsamiya da kuka a bori. Aiki ne mai daraja. Matsalarsa ita ce ya fi kallon itace a matsayin alama cikin adabi ko sinadari cikin magani, ya bar tambayar da ta fi kowace muhimmanci: yaya manomi yake yanke shawarar wanda zai bari da wanda zai sare? Nawa yake bari a gona ɗaya? A wane wata ake sassaƙe rassa, da wane irin sara, sama ko ƙasa? Wa yake da ikon 'ya'yan itacen da ya tsaya a kan iyaka? Waɗannan tambayoyi ne na harshe da al'ada, domin amsarsu tana cikin aikatau da sunayen da manoma da matansu suke amfani da su, kuma masanin dajin da bai ƙware a Hausar karkara ba ba zai kamo su da takardar tambayoyi ta Turanci ba.

Akwai kuma wata fassara da ta yi yawa a kundaye, wadda take cewa camfi ne ya tsare itatuwa: an ce da iskoki a tsamiya, don haka ba a sare ta ba. Da ƙamshin gaskiya a ciki, amma ginshiƙi ne mai rauni, domin in tsoron aljani kaɗai ya tsare tsamiya, to ranar da wa'azi ya kawar da tsoron gatari zai biyo baya, kuma ya biyo. Gadon Bahaushe yana da abin da ya fi wannan ƙarfi. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya tsananta hukunci a kan mai sare gawo, wato doka ce ta mulki mai dalilin noma. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi talifi a kan hukuncin raya matacciyar ƙasa da hurumin gari da na rijiya. Hadisi ya tabbatar da ladan sadaka ga wanda ya dasa abin da mutum ko dabba ko tsuntsu zai ci. Burtali da makiyaya da mashaya duk tsare-tsaren ƙasa ne da aka sani tun kafin zuwan malamin daji. Wannan shi ne harsashin da malamin Islamiyya da na boko za su iya tsayawa a kai tare, ba tare da an nemi kowa ya koma tsafi ba.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba. Inuwa tana rage amfani. Bincike a Barkina Faso da Mali ya nuna cewa dawa takan ragu ƙwarai a ƙarƙashin ɗorawa, masara kuwa ta fi dawa son rana. Gado ya yayyanka gonaki, wanda yake da 'yar ƙaramar gona ba zai sadaukar da kusurwarta ga itacen da ba zai ci moriyarsa da wuri ba. Mai hayar gona na shekara guda ba shi da dalilin rainon komai. Sannan a ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba, wa zai yi wa mutum maganar toho alhali gonar ma ba ya iya zuwa? Duk wannan gaskiya ne. Amma binciken da aka ci gaba da yi a Barkina Faso ya nuna cewa sassaƙe rassan ɗorawa da kaɗanya yana rage asarar, kuma lissafin da ya tsaya a kan buhun hatsi kawai ya manta da kuɗin kalwa da man kaɗe da itacen girki. Ko ribar ta rinjayi asarar a ƙasar laka ta Bakori, inda ruwa ya fi na Maraɗi yawa kuma masara ce sarauniya, tambaya ce da sai an auna za a amsa, kuma rashin aunawar shi ne babban gibin. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, haka ne; amma babba ma yakan yi kuskure, kuma girmama iliminsa shi ne a gwada shi kamar yadda ake gwada kowane ilimi. Batun rashin tsaro kuwa dalilin gaggawa ne, domin dattawan da suka baro ƙauyukansu suka tare a Funtuwa da Bakori da Malumfashi sun taho da sanin gonakin da ba lallai su sake takawa ba.

Aikin da ake bukata bai fi ƙarfin sashe guda na jami'a ba. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ɗaliban nazarin daji na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma za su iya fita tare zuwa gonakin da aka zaɓa a Tsiga ko Kabomo ko Kakumi, ɗaya yana riƙe da na'urar ɗaukar magana ɗaya da igiyar awo, su rubuta kowane itace da sunansa da kaurinsa da shekarun da mai gona ya ba shi da wanda yake da haƙƙin 'ya'yansa, su zauna da masu daddawa da masu man kaɗe da masassaƙa, sannan a dawo gonakin nan bayan shekaru biyar, a sake dawowa bayan goma, kamar filayen awon Menomini. Daga nan ne littafin karatu na Hausa zai fito, wanda ɗan aji huɗu zai ɗauka ya je ya ƙirga itatuwan gonar gidansu ya tambayi kakansa wa ya bar su. Daga nan ne kuma za a sami hujjar da za a kai wa majalisar dokokin jiha, domin a rubuta a doka cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne, ya sassaƙe ya sayar ba tare da fargabar tara ba. Kowace makarantar da take da fili tana iya keɓe gefe guda a bar toho ya tashi, a raba wa ɗalibai kututture maimakon leda.

Har lokacin darasin ma sai an gyara. Ana yanke hukuncin rayuwar toho ne a watannin Afrilu da Mayu, lokacin sharar gona, kafin ruwan shuka, sa'ad da manomi yake bin gonarsa da gatari da ashana. A wannan lokaci ya kamata aji ya fita. Bikin dashen itatuwa kuwa yakan zo ne a Yuli ko Agusta, bayan an riga an sare tohon bana an tara an ƙone.